SHAUƘI: ASALIN KALMAR, MA'ANARTA DA NAUYINTA A KAN MALAMIN HAUSA

1.0 Gabatarwa

A wata shekara, lokacin da nake zagayen duba ɗalibai masu gwajin koyarwa, na shiga wani aji na ƙaramar sakandare na tarar da ɗalibinmu yana koyar da rubutacciyar waƙa. Cikin baitocin da ya rubuta a allo akwai kalmar shauƙi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mene ne shauƙi?" Malamin ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Shauƙi shi ne soyayya." Nan take aji ya ɗauki ƙus-ƙus da dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya yi maza ya tsallaka zuwa baiti na gaba. Waƙar da ake nazari kuwa ta yabon Annabi ce, Sallallahu Alaihi Wasallam. Da wannan gajeriyar amsa malamin ya raba yara da ma'anar baitin, ya kuma bar su da zaton cewa mawallafin ya yi maganar da ba ta dace da aji ba.

Ban ga laifin ɗalibin nan shi kaɗai ba, domin abin da kunnensa ya saba ji ya faɗa. Amma tun daga ranar nake ganin ya kamata a zauna a yi wa wannan kalma adalci. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun kalmar shauƙi daga tushenta, ta fito da ma'anonin da Bahaushe ya ba ta, ta bambanta ta da makusantanta, sannan ta bayyana ra'ayin marubucin game da abin da ya rataya a wuyan malamin Hausa dangane da ita. Ra'ayin kuwa a taƙaice shi ne: duk ma'anonin da kalmar take ɗauke da su a yau halattattu ne, amma malamin da ya san guda ɗaya kawai daga cikinsu ba zai iya koyar da adabin Hausa yadda ya kamata ba.

2.0 Asalin Kalmar

2.1 Shauƙi a Larabci

Shauƙi ararriyar kalma ce daga Larabci. Larabawa suna cewa shauƙ, kuma saiwar kalmar baƙaƙe uku ne, wato shin da wau da ƙaf. Ma'anarta ta asali ita ce karkatar zuciya zuwa ga wani abu da ake so wanda ba ya kusa, kamar yadda matafiyi yake ji game da gida, ko uwa game da ɗanta da ya yi nisa. Daga wannan saiwa ne aka sami ishtiyaƙ, wato tsananin son haɗuwa, da mushtaƙ, wato mutumin da wannan hali ya kama, da kuma tashwiƙ, wato cusa wa wani son ganin abu ko jin ƙarshensa. Daga ita ne kuma sunan Shauƙi ya fito, sunan da shahararren mawaƙin nan na Masar, Ahmad Shauƙi, ya yi fice da shi. Shi ne wanda aka yi wa laƙabi da sarkin mawaƙa a shekarar 1927, ya kuma rasu a 1932.

Kalmar ba ta zo a cikin Alƙur'ani mai girma ba, amma ta zo a hadisi. A cikin wata addu'a da Imamu Nasa'i ya ruwaito, Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya roƙi Allah ya ba shi shauƙin haɗuwa da Shi. Wannan ne ya ba kalmar daraja ta musamman a wurin malaman tarbiyyar zuciya. Imamu Ƙushairi ya ware mata babi a cikin Risalarsa, haka nan Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya ta a cikin sunan ɗaya daga cikin littattafai arba'in da suka haɗu suka zama Ihya'u Ulumiddin, tare da ƙauna da ɗebe kewa da yarda.

Akwai wani bayani na Gazali da ya kamata kowane malami ya riƙe. Ya nuna cewa mutum ba ya shauƙin abin da bai san shi ba sam, haka kuma ba ya shauƙin abin da yake gabansa ya kuma gama saninsa ciki da bai. Shauƙi yana tasowa ne game da abin da aka sani ta wata fuska, aka kuma jahilce shi ko aka rasa shi ta wata fuskar. Ke nan sharuɗɗansa biyu ne: ɗanɗano da rashi. Za mu koma ga wannan batu idan mun iso cikin aji.

2.2 Kwaskwarimar da Hausa ta Yi wa Kalmar

Harshe ba ya karɓar baƙuwar kalma sai ya yi mata kwaskwarima ta dace da tsarin sautinsa. Abubuwa uku ne suka faru da shauƙ kafin ta zama shauƙi.

Na farko, baƙin ƙaf na Larabci ana furta shi ne daga can wajen beli, kuma Hausa ba ta da irinsa. Don haka sai ta musanya shi da nata baƙin da ya fi kusa da shi a kunne, wato /ƙ/, wanda yake bahanɗe ne tunkuɗau. Haka aka yi a kalmomi irin su haƙƙi da aƙida da ƙissa da ƙamus da taƙawa.

Na biyu, haɗuwar wasalin /a/ da baƙin wau ta dace da tagwan wasalin /au/ da Hausa take da shi tun asali a kalmomi irin su ɗauka da tauri. Shi ya sa wannan gaɓa ba ta sha wahala ba, kamar yadda ba ta sha ba a tauhidi da taufiƙi da mauludi da zauƙi.

Na uku, yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka aka liƙa wa kalmar wasalin /i/ a ƙarshe, kamar yadda aka yi wa ilimi da hukunci da zikiri. Da haka ta zauna a matsayin suna, jinsin namiji, har muke cewa "shauƙin ya yi yawa" ko "shauƙinsa ya motsa".

2.3 Ƙofar da Ta Biyo

A shekarar 1947 masanin harsunan nan Joseph Greenberg ya kasa ararrun kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu: waɗanda suka shigo ta hanyar cuɗanya da masu magana da Larabcin yau da kullum, da waɗanda suka shigo ta hanyar malamai da littattafai. Na rukunin farko sau da yawa sukan zo da alif da lam ɗinsu a manne, kuma sautinsu ya fi sauyawa. Dubi alkama da lokaci, inda ƙaf ya koma /k/, ko gahawa, inda ya koma /g/. Idan muka auna shauƙi da wannan ma'auni za mu ga ba ta ɗauko alif da lam ba, ƙaf ɗinta ya zama /ƙ/, kuma surarta tana nan kusa da yadda take a rubuce. Waɗannan alamu suna nuna cewa ta zauren malamai ta biyo.

Tarihi ma yana goyon bayan haka. Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Daga nan karatun Larabci ya ci gaba da kafuwa a biranen ƙasar Hausa, kuma cikin abubuwan da almajirai suka fi shaƙuwa da su akwai waƙoƙin yabon Annabi. Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, da Burda ta Busiri, mutumin Masar, har yau ana rera su a zaure da masallaci, musamman a watan Mauludi. Jigon irin waɗannan waƙoƙi kuwa shi ne ƙaunar Manzo da begen ziyararsa. Malami yana fassara baiti, almajiri yana saurare, a haka kalmomi irin su shauƙi suka tsallako daga takarda zuwa bakin jama'a.

3.0 Ma'anonin Shauƙi a Bakin Bahaushe

Idan aka kasa kunne ga yadda Hausawa suke amfani da kalmar, za a iya fitar da ma'anoni uku, kowace ta tsiro daga wadda ta gabace ta.

Ma'ana ta farko ita ce ta asali, wato tsananin son kaiwa ga abin da ya yi nisa. Idan tsoho ya ce, "Shauƙin Madina ya hana ni barci," wannan ma'ana yake nufi. Babban misalinta a tarihinmu shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817. Tun yana da kimanin shekara ashirin ya yi wata waƙa da Larabci yana bayyana burinsa na ziyartar kabarin Manzo, kuma har ya koma ga Allah bai sami zuwa Makka da Madina ba. Waƙarsa Ma'ama'are, wadda ya yi da Fulatanci ɗansa Isa ya mayar da ita Hausa, ita ma a kan wannan bege aka gina ta. A ƙarni na ashirin kuma ga Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne da idonsa bai ga duniya sosai ba, amma waƙoƙinsa na Imfiraji suka ratsa birni da ƙauye. Wanda bai san wannan ma'ana ta shauƙi ba, ba zai gane abin da ke motsa irin waɗannan bayin Allah ba.

Ma'ana ta biyu ita ce halin da mutum yake shiga idan abin da ke zuciyarsa ya fi ƙarfin ya ɓoye. A nan kalmar ta tashi daga abin da ake ji a ciki ta koma ga abin da ake gani a waje. A majalisin zikiri ko wurin mauludi, idan mai bege ya ɗaga murya, za ka ga wani yana hawaye, wani yana rangaji, wani ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Sai a ce "shauƙi ya ɗebe shi", ko "shauƙi ya kama shi". A lura da aikatau ɗin da Bahaushe ya zaɓa. Ya ɗauki shauƙi tamkar ambaliya ko wani ƙaƙƙarfan mutum, shi kuwa mai shauƙin shi ne abin ɗauka. Wannan ya dace da karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska.

Ma'ana ta uku ita ce ta yau da kullum, wato yin magana ko aiki da zuciya ɗaya, cikin kuzari da jin daɗi. Mai sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo yana magana cikin shauƙi, mai wa'azi yana jawabi cikin shauƙi, jama'a sun tarbi baƙonsu cikin shauƙi. A ƙarƙashin wannan ne shauƙin masoya ya shigo, wanda littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, da finafinan Hausa da waƙoƙinsu daga shekarun 1990, suka yayata shi har ya kusa rufe sauran ma'anonin a kunnen matasa.

Wannan tafiya daga bege zuwa kuzari masana ilimin ma'ana suna kiranta faɗaɗar ma'ana, kuma ba Hausa kaɗai ta yi ta ba. Masu magana da Suwahili sun ari kalmar suna cewa shauku, da ma'anar tsananin so da himma. A Turkanci ta zama shevk, wato kuzari da karsashi. A Urdu kuwa shauƙ har ta kai ga nufin abin da mutum yake yi don jin daɗinsa a lokacin hutu. Ko kalmar Ingilishi enthusiasm irin wannan hanya ta biyo. Asalinta Girkanci ne, tana nufin mutumin da abin bauta ya shiga jikinsa. A Ingila ta ƙarni na 17 da na 18 kalmar zargi ce da ake jifan masu wuce gona da iri a addini da ita, sai daga baya ta zama kalmar yabo. Ashe dai ɗabi'ar harsuna ce su ɗauko kalma daga fagen ibada su shigar da ita harkokin duniya.

4.0 Shauƙi da Makusantansa

Kafin zuwan shauƙi Bahaushe yana da kalmominsa, kuma bayan zuwanta ya ari wasu. Sanin iyakar kowace shi ne ke nuna gwanintar malami.

Bege ita ce mafi kusa da ma'anar farko. Kalma ce da ke nufin tunanin abin da ake so a bayan idonsa, kuma saboda yawan amfani da ita a yabon Manzo har ta zama sunan wani nau'in waƙa, wato waƙoƙin bege. A bakin Kiristoci masu magana da Hausa kuma bege yana nufin sa rai ga alherin Allah. Bambancinta da shauƙi shi ne, bege yana iya zama a zuciya shiru shekara da shekaru, shauƙi kuwa tasowa yake yi ya nemi mafita.

Kewa ita ce jin giɓin da rashin wani ya bari, kuma ta fi karkata ga damuwa. Marmari ya fi tafiya da abin da aka daɗe ba a samu ba, musamman na ci da sha. Sha'awa, wadda ita ma daga Larabci take, ta fi faɗi kuma ta fi sauƙi, domin mutum yana iya sha'awar riga a kasuwa ya wuce ya manta. Ɗoki shi ne ƙaguwar mai jiran abin da ya kusa zuwa, kamar yaro a daren salla. Zumuɗi kuwa ɗoki ne da ya rasa linzami, shi ya sa sau da yawa kalmar take ɗauke da ɗan zargi. Annashuwa da nishaɗi, su ma ararru daga Larabci, suna nuna sakin rai da walwala, ba tare da wani abin da ake hanƙoro ba.

Saura tsuma, wadda ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Idan makaɗi ya kaɗa wa ɗan dambe ko maharbi ko ɗan tauri takensa, sai ka ga jikinsa yana kyarma, ya zabura ya shiga kirari. Wannan shi ne tsuma. Wanda ya saurari yadda Ɗan'anace yake zuga Shago, ko yadda Kassu Zurmi yake kiran mazaje, ya san abin da ake nufi. Tsuma da shauƙi sun yi tarayya a wajen fin ƙarfin mai su, amma tsuma daga jiki da jarunta take tasowa, shauƙi kuwa daga ƙauna. Ba a cewa mai bege ya tsumu sai dai a bisa aron magana, haka kuma ba a cika cewa shauƙi ne ya sa ɗan dambe ya shiga fage ba.

Wannan jeri yana nuna cewa shauƙi ba ta zo ta ƙwace gurbin kowa ba. Ta sami wani fili ne tsakanin bege da tsuma ta zauna, wato ƙaunar da ta cika zuciya har ta tumbatsa ta fito a murya da fuska.

5.0 Ra'ayoyi Uku da Amsarsu

Akwai ra'ayoyi uku da nake yawan ji game da wannan kalma, kuma ban gamsu da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Masu ra'ayi na farko suna cewa shauƙi ba Hausa ba ce, don haka a bar ta a riƙa amfani da bege ko ɗoki. Niyyarsu ta kishin harshe abin yabawa ce, amma hujjarsu ba ta da ƙafa. Idan za a kori kowace ararriyar kalma, to, sai mu rabu da littafi da alƙalami da ilimi da hankali da lokaci da darasi, har da malami da ɗalibi, ka ga ajin ma ya watse ke nan. Kalmar da ta bi tsarin sautin Hausa, ta karɓi jinsi, ta shiga salon maganar tsoho da yaro, ta zama 'yar gida. Bugu da ƙari, mun riga mun ga cewa bege da ɗoki ba sa ɗaukar duk kayan da shauƙi take ɗauka.

Masu ra'ayi na biyu, waɗanda galibi sun yi karatun Larabci, suna cewa Bahaushe ya ɓata kalmar, domin a Larabci ba ta nufin kuzari ko rawar jiki. Amsarsu ita ce, asalin kalma yana ba da labarin inda ta fito ne, amma masu harshe su ne ke yanke hukuncin abin da take nufi a yau. Kalmar fitila da kalmar sabulu ba sa neman izinin kowa kafin su yi aiki a Hausa, haka ma shauƙi. Tun da Baturke da Basuwahile sun faɗaɗa ma'anarta ba a ce sun yi laifi ba, babu dalilin da zai sa a tuhumi Bahaushe.

Masu ra'ayi na uku su ne suka fi damuna, domin a cikin makarantu suke. Su ne waɗanda suke jin nauyin kalmar, suna ganin ta zama ta 'yan fim da marubutan soyayya, don haka gara a kauce mata a gaban yara. Wannan shi ne abin da ya faru a ajin da na ambata a farko. Haɗarin wannan ra'ayi shi ne, idan malami ya yi shiru, to ya bar wa waƙar fim ita kaɗai aikin fassara kalmar. Sannu a hankali ma'anar za ta ƙuntata, har a wayi gari yaro ya ɗauki waƙar Namangi ko ta Nana Asma'u ya karanta ta da kunnen da bai dace ba. Ba na cewa marubutan soyayya sun yi kuskure da suka yi amfani da kalmar, domin Larabawan ma sun yi amfani da ita a waƙoƙin soyayya tun da daɗewa. Abin da nake cewa shi ne, ɗaki ɗaya ne suka shiga a cikin gida mai ɗakuna uku, kuma aikin malami ne ya buɗe wa yara sauran biyun.

6.0 Shauƙi a Cikin Aji

Batun bai tsaya ga fassarar kalma ba. Ina ganin shauƙi, a ma'anarsa ta uku, yana cikin kayan aikin malami kamar alli da allo. A nan ne bayanin Gazali yake da amfani. Ya ce ana shauƙin abin da aka ɗanɗana ne ba a kuma gama samunsa ba. Ɗalibin da ba a ba shi komai ba, ba zai nemi komai ba. Wanda kuma aka juye masa komai a allo ya kwafa, babu abin da ya rage masa ya nema. Gwanin malami shi ne wanda yake ba da ɗanɗano, ya bar giɓi, ya sa yaro ya miƙa hannu da kansa. Masana dabarun koyarwa na ƙasashen Larabawa suna kiran wannan mataki da sunan tashwiƙ, daga saiwar kalmarmu. Kakanninmu ma sun san dabarar, shi ya sa mai tatsuniya takan dakata a daidai inda Gizo ya shiga uku, ta ƙi ci gaba sai yara sun roƙe ta.

Wani zai ce jarrabawa ba ta tambayar shauƙi, jigo take tambaya da salo da zubi da tsari. Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya yi watsi da waɗannan. Amma rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa aka yi ta. Karinta ba ya fitowa sai a murya, amsa-amonta ba ya daɗi sai a kunne. Malamin da ya karanta waƙa kamar mai karanta sanarwar kotu, sannan ya ce yara su fitar da karinta, ya nemi su auna abin da bai ba su ba. Yaron da waƙa ta taɓa zuciyarsa kuwa shi ne zai riƙe baitocinta, kuma wanda ya riƙe baiti shi ne zai iya kafa hujja da shi a takardar jarrabawa.

Sai dai a yi hattara, kada a ɗauki zumuɗi a matsayin shauƙi. Malamin da ya shigo aji yana ɗaga murya da tsalle-tsalle alhali bai yi nazarin darasinsa ba, zumuɗi yake yi, kuma yara sukan gane shi tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Hausawa sun ce garaje ba ƙarfi ba ne. Shauƙi na gaskiya yana biyo bayan sani ne, domin ba a begen wanda ba a sani ba. Malami mai sanyin murya yana iya riƙe aji tsit idan yara suka ga cewa abin da yake faɗa ya dame shi.

Bisa wannan, ga wasu shawarwari ga ɗalibi mai shirin zama malami:

(a) Kafin ka shiga aji da waƙa, ka rera ta kai kaɗai sau da yawa har ta zauna a bakinka, ka kuma binciki kowace baƙuwar kalma a ƙamus, kamar na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ba a fafe gora ranar tafiya.

(b) Idan yaro ya tambayi ma'anar kalma mai fuskoki da yawa, ka ba shi jimloli biyu ko uku da ke nuna fuskokin, sannan ka tambaye shi wadda ta dace da baitin da ke gabansa.

(c) Ka sa yara su tambayi iyaye da kakanni yadda suke amfani da shauƙi da bege da ɗoki da tsuma, su kawo jimlolin aji a tattauna.

(d) Ka tsaya tsayin daka a kan ƙa'idar rubutu. Saƙonnin waya sun saba wa yara da rubuta "shauki" babu lanƙwasa. Wanda ya yi sakaci da lanƙwasar /ƙ/ a nan, gobe zai kasa bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa shauƙi kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci ta hanyar malamai da waƙoƙin yabo, ta yi mata kwaskwarima, sannan ta faɗaɗa ma'anarta daga begen abin da ya yi nisa, zuwa halin da ke bayyana a jiki, zuwa yin magana ko aiki da zuciya ɗaya. An kuma nuna cewa korar kalmar, ko ɗaure ta ga ma'anarta ta Larabci, ko jin kunyarta a gaban yara, duk ba mafita ba ne. Da ɗalibin nan namu ya san wannan tarihi, da ya ce wa yarinyar nan, "Kin taɓa jin kakarki tana maganar Makka har idonta ya ciko da hawaye? To, abin da mawaƙin yake ji ke nan." Da aji ya yi tsit maimakon dariya, da kuma baitin ya zauna a zukatan yara. Irin wannan amsa ake fata daga gare ku ranar da aka miƙa muku alli.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana sauye-sauyen sauti uku da kalmar shauƙi ta fuskanta yayin shigowarta Hausa, tare da misalai biyu na wasu kalmomi a kan kowane sauyi.

2. Gina jimloli uku da za su nuna ma'anoni uku na shauƙi.

3. Mene ne bambancin da ke tsakanin shauƙi da tsuma, da kuma tsakanin ɗoki da zumuɗi?

4. Marubucin ya ce masu harshe ne ke yanke hukuncin ma'anar kalma, ba asalinta ba. Ka yarda da shi ko ba ka yarda ba? Kafa hujja da wata ararriyar kalma da ka sani.